Mai Alli da Katangar Katako

Ba na son mutumin nan, gara in faɗa tun farko kar wani ya ɗauka yabonsa na zo yi. Mijin yayata ne, marigayiya. Shekara goma sha ɗaya muka yi muna aiki a ofis ɗaya, tsakanin kujerata da tasa bai kai taku biyu ba, amma ko sannu ba ta taɓa haɗa mu ba. Direbobi ne suka laƙaba masa suna Mai Alli, sunan kuwa ya bi shi har wasu sababbin ma'aikata ba su san yana da wani ba.

Kamfaninmu na rarraba kaya ne, fulawa da sukari da man girki da sabulu. Akwai babban sito a baya, motoci goma sha huɗu a fili, sai ofis ɗaki ɗaya dogo da aka yanyanka da katako gida-gida kamar akurkin kaji. Aikina amsa waya. Mai shago ko mai gidan burodi ya kira ya ce buhu kaza yake so gobe, in rubuta a 'yar takarda. Aikinsa shi ne ya san wace mota za ta ɗauka, wane direba, ta wace hanya, da ƙarfe nawa. In ba ni babu oda, in ba shi oda ba ta barin sito. Katako ɗaya ne ya raba mu, tsayinsa ya ɗan wuce kan mutum in yana tsaye.

Shi ba ɗan ofis ba ne tun asali. Da karen mota ya fara, ya zama direba, ya yi shekara tara yana jan babbar mota har ranar da tayar gaba ta fashe masa a gangare motar ta kwanta da shi. Ya fito da rai, amma gwiwar hagu ta daina lanƙwasuwa, tun daga nan yake jan ƙafar. Mai kamfani, wanda a lokacin motoci uku kacal gare shi, ya ba shi kujera a ofis don tausayi. Dogon rubutu bai dame shi ba, don bai iya ba. Sai ya nemo baƙin fenti ya shafe katakon da ke gabansa, ya sayo kwalin alli, ya ja layi uku, kowace mota da gidanta. Motoci na ƙaruwa yana ƙara layi, har katakon ya cika daga wannan gefe zuwa wancan. Kullum yatsunsa fari fat, aljihun rigarsa ma haka, ko kofin shayinsa ka ɗauka sai ka ga shatin yatsa.

Aiki kam ya iya, ba zan ci amanar gaskiya ba. Daga ƙarar inji a bakin ƙofa zai ce lamba shida ce ta dawo, kuma a duba mata burki. A duba kuwa a tarar haka ne. Amma direbobi sun tsane shi kamar me, don ya san awa nawa kowace hanya take ci. Direba bai isa ya ratse ya ɗauki kayan wani ba, bai isa ya kwanta a gindin bishiya ya ce cunkoso ne ya riƙe shi ba.

“Ni za ka gaya wa hanya?” haka yake ce musu, ko ɗaga kai ba ya yi. “Na yi faci a kanta tun kana rarrafe. Ina ka tsaya?”

Ba ya dariya, ba ya hira, ba ya zuwa gaisuwar kowa sai bayan an tashi aiki. A gida ma haka yake, na sani don na zauna a gidansa shekara biyu bayan na gama makaranta. Yaya ce mai surutun gidan, ita ke tsokanarsa tana cewa da mota aka ɗaura masa aure, ita rakiya ta zo. Shi ya sama min aikin nan, wannan ma ban musa ba. Ya kai ni gaban mai kamfani ya ce, “Ƙanin matata ne, yana da murya, ba ya sata.” Iyakar yabon da na taɓa ji daga bakinsa ke nan.

Abin da ya raba mu ya faru ne ranar wata Laraba. Yaya ta yi sati uku a asibiti, ni na ɗauki hutu ina zaune wurinta, shi kuwa sai an tashi aiki yake zuwa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe likita ya ja ni gefe ya ce a kira mijinta. Ita ma da na koma ta buɗe ido ta ce, “Ya zo?” Na ce yana hanya. Na fita na buga wayar ofis na gaya masa abin da likita ya ce, kalma da kalma.

“Saura mota biyu in sallama,” ya ce. “Ina zuwa.”

Sau biyu ta ƙara tambaya. Da sha biyu da rabi Yaya ta cika. Ɗaya ta wuce ya shigo yana jan ƙafa, da farin alli a yatsunsa. Na tare shi a baranda na ce, “Motocin sun fita lafiya?” Ya raɓa ni ya shiga ɗakin. Maganar ƙarshe da na yi masa ke nan har shekara goma sha ɗaya.

Mutane sun yi ta cewa in bar aikin tunda ba na iya kallonsa. In bar masa don me? Shi ya bari mana. Ina jin shi ma haka ya ce a ransa, don ko gezau bai yi ba. Bayan kwana bakwai muka koma ofis, kowa ya shige akurkinsa.

A ƙasan katakon nan, daidai saman tebur, akwai wata 'yar kafa da kafinta ya bari don wayar lantarki, faɗinta kamar tafin hannu. Ranar farko na rubuta oda, na rasa yadda zan yi, don da can ta saman katakon nake ɗaga murya in faɗa masa. Sai na tura takardar ta kafar. Na ji ya ja. Can sai ya ƙwanƙwasa katakon sau ɗaya. Daga nan abin ya zauna da gindinsa ba tare da kowa ya tsara ba. Bugu ɗaya, akwai mota, in gaya wa mai kaya ana tafe. Bugu biyu, babu mota, in ba shi haƙuri ya jira ko ya nema wani wuri. Bugu uku, akwai abin da bai yi ba, takarda ta dawo min in gyara. In na naɗe kusurwar takarda, gaggawa ce. In ban ji bugu ba, bai gani ba ke nan, sai in ƙara turawa.

Kar a ɗauka zaman lafiya ne. Zagi ma ta katakon muke yi. Akwai bugu ukun da yake yi da ƙarfi har shayina ya yi tsalle a kofi, na san cewa yake yi ni daƙiƙi ne. Ni kuma in na so ɓata masa rai sai in yi rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, in ji shi yana tsaki yana laluben gilashinsa. Amma a shekara goma sha ɗaya ko buhu ɗaya bai taɓa zuwa inda ba a aike shi ba. Mai kamfani in ya yi baƙi har nuna mu yake yi yana cewa waɗannan biyun ba su taɓa ba shi ciwon kai ba. Anti mai kula da takardun sito, wadda akurkinta ke kusa da nawa, duk ranar da ya faɗi haka sai tari ya kama ta.

Ana nan tsufa ya kama mai kamfani, ya kawo ɗan ƙaninsa ya ba shi manaja. Yaro ne mai tsabta, takalminsa kullum kamar madubi, bai taɓa ɗaga buhu ba a rayuwarsa. Wata biyu da zuwansa ya tafi wani kwas na sati biyu, ya dawo da kalma ɗaya a baki kamar wanda aka yi wa allurarta: haɗin kai. Ya tara mu ya ce katangun nan su ne ciwon kamfanin, wai in an raba tebura an raba zukata, wai ma'aikaci in yana ganin fuskar ɗan'uwansa dabara takan zo da kanta. Anti ta ce masa ita dabarar da take da ita ta ishe ta. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take yi.

Ranar Asabar kafintoci suka shigo. Ranar Litinin muka zo muka tarar da fili fetal, tebur ɗaya dogo a tsakiya, kujeru goma sha shida, kwamfuta a gaban kowace, har da tukwanen furanni biyu. Ofishinsa ma ya sa an rushe, ya ajiye kujerarsa a ƙarshen teburin don a ga ba ya fifita kansa. Ya zaunar da kowa kusa da wanda aikinsu ya haɗu. Ni da Mai Alli, tunda aikinmu ya fi na kowa haɗuwa, ya sa mu fuska da fuska.

Katakon allon yana can waje an jingine shi da bangon sito, ruwan da aka yi ranar Lahadi ya wanke rubutun, layukan fari sun zuba ƙasa. Ta taga na ga Mai Alli ya tsaya a gabansa ya daɗe. Sannan ya shigo ya tsaya kan Manaja.

“Ina zan rubuta motocina?”

“Baba, ga kwamfuta nan an ba ka. Komai na ciki.”

“Mota goma sha huɗu a cikin gilashin nan? Ni ɗaya nake gani.”

“Sai ka riƙa dannawa, za su fito ɗaya bayan ɗaya.”

“A hanya ba ɗaya bayan ɗaya suke tafiya ba,” ya ce, ya juya ya zauna.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ranar har abinci na ci da yawa.

Kafin sati ya zagayo ofis ya zama kasuwa. Mutanen da suka yi shekaru suna gaisawa da fara'a ta saman katako suka gano ba sa son juna. Ashe wannan yana kaɗa ƙafa, duk teburin ya riƙa rawa. Ashe wancan sakace yake yi yana duba abin da ya fito. Fanka ɗaya ta haɗa mata biyu faɗa har aka daina cin abinci tare. In waya ta shigo min sai na toshe kunne ɗaya da yatsa, mai shago na cewa buhu sha biyar ina jin hamsin. Kowace safiya kuma Manaja ya sa mu tsaya a da'ira, wai kowa ya faɗi abu ɗaya mai kyau game da abokin aikinsa. Da aka zo kaina na kalli silin na ce, “Yana zuwa aiki da wuri.” Da aka zo kan Mai Alli ya kalli ƙasa ya ce, “Yana da waya.” Aka kwashe da dariya, Manaja kaɗai ne bai san abin da ake yi wa dariyar ba.

Bai daɗe bai sani ba, ofis ba ya rasa mai kai rahoto. Ya kira mu, kuma da yake babu ɗakin da za a shiga, a ƙarshen teburin ya tsayar da mu, kowa ya yi kamar yana aiki ya baza kunne.

“Na ji labarinku,” ya ce. “Abin gida a bar shi a gida. Daga yau babu 'yar takarda, babu ƙwanƙwasa. Oda ta shiga kwamfuta, amsa ta shiga kwamfuta, sauran kuma ku yi da baki kamar mutane. Kuma in gaya muku gaskiya, da na'urar nan mutum ɗaya ya isa ya yi aikinku duka biyu. Ban so a kai ga haka, amma in kuka kasa aiki tare, ɗaya zai tafi.”

Na dawo kujerata na zauna ina lissafi. 'Ya'yana huɗu, matata ba ta aiki, ban iya komai ba sai amsa waya. Shi kuma ya doshi sittin da ƙafa ɗaya da rabi, 'yarsa tilo, 'yar Yaya, tana shekara ta biyu a makarantar koyon jinya. Babu mai ɗaukarsa ko gadi. Kowannenmu ya san abin da ɗayan zai rasa, kuma duk da haka babu wanda ya buɗe baki.

Da farko Anti muka mayar 'yar aike. In ce, “Anti, ki gaya wa mai motoci ana son sukari buhu talatin a bakin kasuwa.” Shi ya ce, “Anti, ki gaya wa mai waya sai jibi.” Kwana uku ta yi tana haƙuri, rana ta huɗu ta buga fayil a tebur.

“Ku ji min tsofaffin banza! Ni ramin katako ce? Ga ku nan numfashinku na haɗuwa, sai ni za ku ɗaga wa hawan jini? Wanda ya ƙara kiran sunana sai na ci mutuncinsa.”

Sai muka koma halinmu a ɓoye. Mai Alli ya sayo littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ja layi goma sha huɗu a ciki, yana ajiye shi a kan cinya. Ni in shigar da oda a kwamfuta don Manaja ya gani, sannan in rubuta a guntun takarda in tura ta ƙarƙashin wayoyin da suka ratsa tsakiyar teburin. Shi kuma ya buga gindin bironsa a tebur a hankali. A hayaniyar nan ba a jin bugun, sai dai a gani. Dole ke nan in kalle shi.

Wannan kallon ne ya ƙarasa ni. Da can a bayan katako ƙara ce kawai, tsaki da tari da bugu, kuma mutum yana iya zama da ƙara. Yanzu fuska ce, daga takwas na safe zuwa biyar na yamma. Ina ganin yadda yake tauna, yadda yake lasar yatsa kafin ya buɗe shafi, yadda yake goge gilashi da gefen riga hankalinsa kwance kamar bai taɓa yi wa kowa komai ba. Fushin da na ɗauka ya tsufa ya kwanta, ashe katako ne ya danne shi. Na riƙa komawa gida ina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har matata ta tambaye ni ko wani abu ke damuna a jiki. Tsanarsa ce ke damuna, sabuwa fil kamar jiya aka yi abin.

Ranar wata Litinin wajen ƙarfe uku da rabi, babban mai sayen fulawarmu ya kira. Gidajen burodi bakwai gare shi, ya fi shekara ashirin yana tare da kamfanin. Ya ce wanda ya saba cike masa gibi ya ba shi kunya, buhu ɗari biyu yake so kafin shida na safe.

“In ba zai yiwu ba ka gaya min yanzu,” ya ce, “in nema wani wuri tun da sauran rana.”

Na ce ya ɗan riƙe. Na shigar a kwamfuta, na rubuta a takarda, na naɗe kusurwa, na tura. Mai Alli ya karanta, ya duba littafin cinyarsa, ya bi layukan da yatsa. Manyan motoci uku suna wajen gari sai jibi, ta huɗun tana gareji an sauke mata inji. Ya ɗaga biro ya buga sau biyu. Sannan ya ɗago ya kalle ni don ya tabbatar na gani, abin da bai saba yi ba. Idonmu ya haɗu. Na gani sarai.

Anti na faɗa da wani direba a waya, fanka na kaɗawa, Manaja na can ƙarshen tebur yana dariya da wani. Na juya kujerata na ba shi baya, na kare bakina da hannu.

“Alhaji, za a kawo,” na ce. “Ka kwantar da hankalinka.”

Ba kuskure ba ne, ba ruɗewa ba ce. Na san ba ya taɓa kwamfutar nan sai in Manaja na tsaye a kansa, na san ba zai rubuta babu mota a ciki ba, tunda a wurinsa ya riga ya ba da amsa. Na san abin da na'urar za ta nuna gobe: ni na yi aikina, shi bai yi nasa ba. Da aka tashi ya rufe littafinsa ya ja ƙafarsa ya fita, hankalinsa kwance.

Washegari tun kafin tara mai gidajen burodi ya shigo ofis da kansa, hularsa a karkace. Gidaje bakwai an hura wuta, ma'aikata sun zauna suna kallon juna, masu saro sun juya da kwandunansu wayam. Ya wanke Manaja tas a gaban kowa, ya ce ko kyauta aka ba shi fulawarmu ba ya so, ya fita ya bar ƙofa a buɗe. Awa ɗaya bayan haka mai kamfani ya iso da sandarsa, mutumin da ya yi wata huɗu bai taka ofis ba. Ya tsaya ya kalli filin da aka yi da ofishinsa. Babu ɗakin da za a shiga a rufe ƙofa, don haka a kujerar Manaja ya zauna, mu goma sha shida muna jere a gabansa.

Manaja ya juyo da kwamfuta yana nuna masa lokacin da oda ta shiga da gurbin amsa da ba a cike ba. Tsohon ya ture ta da bayan hannu ya kalli Mai Alli.

“Ka san da odar nan?”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

“Akwai mota?”

“Babu.”

“Ka gaya masa?”

Anti ta gyara zama ta ce, “Ranka ya daɗe, ai su ba sa magana. Bugu suke yi.”

“Na sani,” in ji tsohon. “Kin ɗauka makaho ne ni duk shekarun nan? Kai, ka buga?”

“Na buga.”

“Sau nawa?”

“Biyu.”

Ya juyo gare ni. “Ka gani?”

“Ban gani ba,” na ce. Muryata ko rawa ba ta yi ba, muryar waya ce, ta saba.

Tsohon ya jingina haɓarsa a kan sandar ya daɗe yana kallonmu. “Ɗayanku ƙarya yake yi,” ya ce, “kuma ban taɓa kama ɗayanku da ƙarya ba. Na'ura tana goyon bayanka, kai mai waya. To rantse min da Allah ba ka gani ba, in sallame shi yanzu a gabanka.”

Har mai kaɗa ƙafa ya daina. Kuma zan rantse. Ina so duk mai karanta wannan ya san haka, don ban zo wanke kaina ba. Na ja numfashi, na buɗe baki, kalmar tana kan harshena.

“Auta.”

Sunan da Yaya kaɗai take kirana da shi ne, babu wanda ya san shi a ofishin nan. Shekara goma sha ɗaya ban ji shi ba, sai ga shi daga bakin mutumin nan, da muryarsa mai kaushi kamar yana kiran direba.

“Rufe bakinka,” ya ce min. Sannan ya juya ga mai kamfani. “Ranka ya daɗe, ban buga ba. Na yi niyya na manta. Tsufa ne.”

“Yanzu ka ce ka buga.”

“Kunya ce ta sa na faɗa. Ban buga ba.”

Tsohon ya kalle shi, ya kalle ni, ya ƙara kallonsa. Na tabbata ya gane, ba yaro ba ne. Amma mutum ya amsa laifi da bakinsa a gaban mutum goma sha shida, ga Manaja a tsaye yana jira. Ya sauke numfashi ya ce, “To. Shi ke nan.”

Mai Alli ya ɗauki littafinsa da gilashinsa da kofinsa. Bai yi sallama da kowa ba. Teburin nan dogo ne, sai da ya bi shi tun daga tsakiya har ƙofa yana jan ƙafa, kowa na jin ƙarar takalminsa a siminti. Da ya fita idanu suka dawo kaina, kuma babu katakon da zan shige bayansa. Anti ta ja kujerarta ta matsa gefe kaɗan, ta ci gaba da rubutu.

Na tashi na bi shi. A fili na same shi, kusa da bakin ƙofa, direbobi biyu suna kallo daga inuwar mota. Raina a ɓace yake fiye da yadda ya taɓa ɓaci.

“Wa ya ce ka rufa min asiri?” na ce. “Na roƙe ka?”

Ya tsaya, bai juyo duka ba. “Ba don kai na yi ba.”

“To don wa?”

“Ba za a ce ƙanin matata ya yi rantsuwar ƙarya ina zaune ina kallo ba.”

“Yau ka tuna kana da mata?”

Ya juyo ya kalle ni sosai. Na jira ya zage ni, ko ya kare kansa, ko ya ba ni haƙuri in samu abin da zan watsa masa a fuska. Babu wanda ya yi a ciki.

“Koma,” ya ce. “Wayarka na ƙara.”

Ya fita. Na tsaya a rana ina jin kamar in kurma ihu. Na yi shekaru ina jiran ranar da zan ga bayansa, ga shi na gani, kuma ya tafi ya bar ni ni ne mara gaskiya. Ban taɓa tsanarsa kamar lokacin ba, kuma ban taɓa jin kunyar kaina haka ba.

Wayar kuwa ƙara take yi. Na koma na zauna, babu wanda ya ɗago ya kalle ni. Manaja ya zo ya dafa kafaɗata ya ce daga yau motoci ma a hannuna suke, zai nuna min yadda ake yi, abu ne mai sauƙi. Na ɗauki wayar. Wata mai shago ce daga bayan gari, man girki take so katan arba'in kafin azahar.

“Akwai mota?” ta ce.

Na ɗaga kai na kalli kujerar da ke gabana. Sannan na kalli fili ta taga, motoci biyar a tsaye, ban san wacce ke da lafiya ba, ban san wacce aka riga aka yi wa lodi ba, ban san ko awa nawa ake yi zuwa bayan gari da kaya ba.

“Hajiya, ɗan riƙe,” na ce.